Zobe da Kabari: Tarihin Finafinan Tarbiyyar Matasa na Kiristocin Amurka

A cikin fim ɗin Courageous, wanda wata majami'ar Baftis da ke garin Albany na jihar Jojiya ta fitar a 2011, akwai wani ɗan sanda mai suna Nathan Hayes da ya yi abubuwa biyu. Ya ɗauki 'yarsa Jade, mai shekara 15, ya kai ta wani gidan abinci na alfarma, ya sa mata zobe a yatsa, ya nemi ta ba shi amanar zuciyarta har ranar da mijin da ya dace zai bayyana. Daga baya kuma ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya tsaya a kan kabarin mahaifin da ya yi watsi da shi tun yana jariri, ya furta cewa ya yafe masa.

A kan waɗannan darussa biyu, wato kame kai kafin aure da yafiya, Kiristocin Amurka masu ra'ayin riƙau suka gina finafinan da suke nuna wa 'ya'yansu matasa. A fim ana haɗa su kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, amma asalinsu ba ɗaya ba ne, kuma zamani bai yi musu hukunci iri ɗaya ba.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, majami'u da dama na masu bishara a Amurka suna ɗaukar gidan sinima a matsayin matattarar ɓarna, suna jera shi da rawa da caca da barasa. Mai wa'azi Billy Graham na cikin waɗanda suka sauya wannan tunani. A 1951 ƙungiyarsa ta fitar da Mr. Texas, labarin wani makiyayin shanu da ya tuba, daga nan kuma aka kafa kamfanin World Wide Pictures. A 1965 kamfanin ya fuskanci matasa kai tsaye da The Restless Ones, fim a kan samari da 'yan mata da suka kangare wa iyayensu. Yadda ake nuna shi ya fi labarin kansa muhimmanci ga wannan tarihi: majami'un gari su ke haɗuwa su shirya nunin, su cika wurin da 'ya'yansu, da an gama kuma a gayyaci duk wanda zuciyarsa ta motsa ya fito gaba, masu ba da shawara suna jiransa. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin yadda ake yawo da majigi ana nuna fim ɗin Jesus na 1979, wanda aka fassara zuwa Hausa, a garuruwan Arewacin Najeriya.

Tun daga lokacin wata ɗabi'a ta kafu wadda har yau ba ta canza ba: matashi shi ne mai kallo, amma ba shi ne mai saye ba. Fasto da iyaye su ne ke zaɓen fim, su ne ke biyan kuɗi. Wanda kuwa ke biyan maroƙi, shi ake yi wa kirari.

Darasin yafiya bai sha wahalar samun tushe ba, domin Littafi Mai Tsarki cike yake da shi: Yusufu da 'yan'uwansa da suka sayar da shi, misalin ɗan da ya ɓatar da gadonsa a Luka sura 15, da amsar da Yesu ya ba Bitrus a Matiyu sura 18 kan sau nawa ya kamata a yafe. A 1975 World Wide Pictures ya fitar da The Hiding Place, labarin Corrie ten Boom, 'yar ƙasar Holan wadda iyalinta suka ɓoye Yahudawa a gidansu na Haarlem lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan Nazi suka tura ta sansanin Ravensbrück, inda 'yar'uwarta Betsie ta rasu a 1944. A rubuce-rubucenta ta ba da labarin yadda bayan yaƙi ta haɗu da ɗaya daga cikin masu gadin sansanin a birnin Munich, ya miƙo mata hannu, ta ji nata hannun ya ƙi ɗaguwa kafin ta iya miƙa shi. Shekara da shekaru wannan mata ce ma'aunin yafiya da ake nuna wa matasan majami'u.

Darasin soyayya kuwa lamarinsa daban ne, saboda abin da Amurkawa ke yi a yau, saurayi ya ɗauki budurwa su fita su kaɗai, babu shi a Littafi Mai Tsarki. Ishaku bai taɓa ganin Rifkatu ba sai da bawan mahaifinsa ya kawo ta. Ko a Amurka ma al'adar ba ta daɗe ba. Masaniyar tarihi Beth Bailey ta nuna a littafinta na 1988, From Front Porch to Back Seat, cewa har farkon ƙarni na 20 saurayi ne ke zuwa gidan su yarinya, a zaunar da shi a falo ko a baranda, uwa tana kusa, kusan kamar zance a ƙofar gida. Zuwan mota da gidajen rawa da rayuwar birni ne ya fitar da neman aure daga gida zuwa titi. Saboda haka mai wa'azin da ke son koyar da neman aure bisa Littafi dole ya tattaro ayoyin da suka hana fasikanci, sannan ya ƙirƙiro sauran ƙa'idojin da kansa.

An yi wannan ƙirƙira gadan-gadan a shekarun 1990, lokacin da cutar ƙanjamau da yawan cikin 'yan mata suka tayar da hankalin iyaye. A 1993 'yan Baftis na Kudu suka ƙaddamar da shirin True Love Waits, inda matashi ke sa hannu a kati cewa zai kame kansa har aure. A Yulin 1994 aka kafa irin waɗannan katuna sama da 200,000 a babban filin birnin Washinton. Zoben alkawari ya zama ado. Sai kuma a 1997 wani saurayi, Joshua Harris, ya fitar da I Kissed Dating Goodbye, wanda ya rubuta yana ɗan shekara 21, ya ƙara tsananta lamarin: a ganinsa, ko soyayyar da ba ta kai ga shimfiɗa ba, in dai ba aure aka nufa ba, rabon zuciya ne ga waɗanda ba su da haƙƙi a kanta. Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Fim ɗin da ya fi kama ruhin wannan zamani shi ne Pamela's Prayer na Dave Christiano, wanda ya fito a 1998. Pamela marainiya ce, mahaifinta ya rene ta shi kaɗai, ya hana ta fita da samari, ya koya mata ta adana ko da sumbarta ta farko domin mijinta. Ta sha ba'a a makaranta, ƙawarta da ta bi saurayi ta yi da-na-sani, ita kuwa ta samu miji mai irin tarbiyyarta. An yi ta nuna shi a ɗakunan taron matasa na majami'u ta kaset ɗin bidiyo.

Kuɗi na gaske ya shigo ne bayan 2004, da The Passion of the Christ na Mel Gibson ya tara sama da dala miliyan 600 a duniya, Hollywood ta gane cewa akwai kasuwar da ta daɗe tana rainawa. A daidai lokacin 'yan'uwa biyu, Alex da Stephen Kendrick, fastoci a majami'ar Sherwood ta Albany, suna yin finafinai da 'yan sa-kai daga cikin masu ibada. Facing the Giants na 2006 ya ci kimanin dala 100,000, ya dawo da miliyan 10. Fireproof na 2008 ya ci dala 500,000, ya dawo da miliyan 33. Labarin ma'aikacin kashe gobara ne da aurensa ke neman mutuwa, wanda mahaifinsa ya ɗora wa aikin kyautata wa matarsa har kwana 40 ko da ba ta kula shi ba. Abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne cewa jarumin, Kirk Cameron, ya ƙi sumbatar wadda ta fito a matsayin matarsa, sai aka sa matarsa ta ainihi ta maye gurbinta a wannan fitowa, aka ɗauke su cikin inuwa. Kamfanin Sony ya buɗe reshen Affirm Films domin wannan kasuwa, a 2020 kuma ya sayi dandalin kallon finafinai na Pure Flix.

A nan ne darussan biyu suka fara rabuwa. Fim ɗin kame kai yana da matsalar da kuɗi ba sa magancewa: iyayen da ke saye ba sa son a nuna jaraba yadda take, labarin da babu jaraba a cikinsa kuwa ba ya kama zuciya. Old Fashioned, wanda aka saki da gangan a makon ranar masoya ta 2015 domin ya yi karo da Fifty Shades of Grey, ya kawo wani mai shagon kayan gargajiya da ya yi rantsuwar ba zai kaɗaita da macen da ba matarsa ba, har 'yar hayarsa sai ta fita waje in ya zo yi mata gyara. Bai kai dala miliyan 2 ba. Akwai kuma ƙorafin da matan da suka tashi cikin wannan tarbiyya suka riƙa yi bayan sun girma, cewa nauyin ya fi sauka a kansu: yarinya ake sa wa zobe, ita ake ce wa ta rage daraja in ta yi kuskure. Bincike ma bai taimaka ba. A 2009 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga aikin Janet Rosenbaum, wadda ta kwatanta matasan da suka ɗauki alkawarin da takwarorinsu masu irin addininsu da ba su ɗauka ba. Bayan shekara biyar ba ta ga bambanci a halayensu ba, sai dai masu alkawarin ba su cika kare kansu daga ciki da cuta ba, kuma mafi yawansu sun musanta cewa sun taɓa yin alkawarin.

Fim ɗin yafiya bai da wannan tarnaƙi, domin ba a yafiya sai an yi laifi, dole a nuna laifin. I Can Only Imagine na 'yan'uwan Erwin, wanda ya fito a Maris 2018, ya ba da labarin mawaƙi Bart Millard na ƙungiyar MercyMe, wanda ya tashi a jihar Texas a hannun uba mai duka. Dennis Quaid ya fito a matsayin uban, kuma bai sassauta ba: mai kallo yana jin tsoronsa. Da uban ya tuba, yana fama da ciwon daji, ɗan ya ƙi yarda, ya ce Allah na iya yafe masa amma shi ba zai iya ba. Wannan turjiya ita ce ƙarfin fim ɗin. An kashe dala miliyan 7, ya tara sama da miliyan 83. Shekara guda bayan haka 'yan'uwan Kendrick suka fitar da Overcomer, inda wata yarinya 'yar tsere mai ciwon asma ta gano cewa mahaifin da aka ce mata ya mutu yana raye, kwance a asibiti, ya makance.

Sai dai mai lura zai ga wani abu da ke maimaituwa. Mahaifin Nathan yana kabari. Mahaifin Bart yana kan gadon mutuwa. Mahaifin yarinyar Overcomer ma haka. Mai laifin ya riga ya tuba, ko kuma ƙarfinsa ya ƙare, ba zai sake cutar da kowa ba. Ba kasafai waɗannan finafinai ke taɓa tambayar da ta fi wuya ba: me yarinya za ta yi da mai laifin da ke da rai da lafiya da muƙami, wanda bai tuba ba, alhali manya suna ce mata ta yafe ta yi shiru? Wannan ba tambayar ƙage ba ce. A 2019 jaridun Houston Chronicle da San Antonio Express-News suka bankaɗo cewa an zargi shugabanni da ma'aikatan sa-kai kusan 380 na majami'un Baftis na Kudu da cin zarafin mutane sama da 700 cikin shekara 20, a 2022 kuma binciken da ɗarikar da kanta ta sa aka yi ya nuna yadda manyanta suka yi ta kawar da kai daga koken waɗanda aka zalunta. Ɗarikar da ta haifi True Love Waits ke nan, ita ce kuma ɗarikar majami'ar Sherwood.

Joshua Harris kuwa, wanda ya zama babban fasto a jihar Maryland kafin ya sauka a 2015, ya fara sauraron mutanen da suka ce littafinsa ya cika su da kunya da tsoro, ko ya yi musu alkawarin auren da bai zo ba. A 2018 ya fito a wani fim na gaskiya mai suna I Survived I Kissed Dating Goodbye, yana zaune gaban wasu daga cikinsu yana jin abin da suka sha. A wannan shekara ya nemi gafarar masu karatunsa a bainar jama'a, ya nemi mawallafin ya daina buga littafin. A Yulin 2019 ya sanar cewa shi da matarsa sun rabu, bayan 'yan kwanaki kuma ya ƙara da cewa bisa duk ma'aunin da ya sani, shi ba Kirista ba ne yanzu.