Perce-neige: ɗan'uwan albasa da ke fure cikin ƙanƙara

Perce-neige, kamar yadda Faransawa ke kiransa, wato mai huda ƙanƙara, ɗan ƙaramin tsiro ne da ke fitar da farin fure a ƙasashen sanyi tsakanin Janairu da Maris, lokacin da sauran tsirrai ke kwance. Masana na ce masa Galanthus, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar madara da fure. Dangi ɗaya suke da albasa da tafarnuwa, kansa da ke cikin ƙasa ma kamar na ƙaramar albasa yake, amma yana da guba, ba a cin sa.

Akwai irinsa wajen 20, daga duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifen har zuwa Turkiyya, Kaukasus da Iran. Furen dukkansu kusan ɗaya ne: manyan ganyaye uku farare a waje, gajeru uku a ciki masu ɗigon kore, kan furen a sunkuye. Shi ya sa masu garka suka fi duba ganyen tsiron tun yana ɓullowa daga ƙasa. A Galanthus nivalis, wanda ya fi yawa a Turai, siraran ganyaye biyu na fitowa a manne da juna kamar tafin hannu biyu. A Galanthus plicatus na yankin Kirimiya, gefen ganyen a naɗe yake ta baya. Shi kuwa Galanthus elwesii, wanda Baturen Ingila Henry Elwes ya samo kusa da Izmir a 1874, ganye ɗaya ne ke rungume ɗayan, furensa ya fi girma, kuma sau da yawa ɗigon koren biyu ne, sama da ƙasa. Galanthus woronowii na Jojiya ana gane shi da faffaɗan ganye kore shar mai ƙyalli.

Kowane iri da wurin da ya karɓe shi. Nivalis da plicatus na son ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, ƙarƙashin itatuwan da ke zubar da ganye lokacin sanyi. Elwesii ya fi jure fari, matuƙar ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Galanthus reginae-olgae na Girka da Sisili ya fita daban: tun watan Oktoba yake fure, kafin ganyensa ya fito, kuma ya saba da zafi da rashin ruwa na tsakiyar shekara.

Ana binne kan a zurfin santimita 10 wajen Satumba ko Oktoba. Ba kamar albasa ba, ba ya jure ajiya, da ya bushe ya mutu. Don haka da yawa sun fi son raba gindin bayan fure ya faɗi, a dasa nan take da ganyensa.

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa noman nan ba zai yi ba. Kan na bukatar makwanni na sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, ɗarin Disamba da Janairu kuwa na dare ne, da hantsi rana ta gasa ƙasa. Ƙasar da albasar Galmi ke jin daɗi, shi kabarinsa ce.

Tsiron na da daraja fiye da ado. Daga woronowii ne masana a Tarayyar Sobiyet suka fara tace sinadarin galantamin a farkon shekarun 1950, wanda likitoci ke bai wa masu cutar mantuwa ta Alzheimer don sassauta alamunta. Saboda yawan tonon da ake masa a dajin Turkiyya da Jojiya, inda ake fitar da miliyoyin kai zuwa Turai, yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinsa tun 1990. Masu sha'awarsa kuma ba sa jin tsada: a 2022 an sayar da kai ɗaya tak na irin Golden Tears a Ingila kan fam 1,850, sama da miliyan ɗaya na sefa.