Daga Bauhaus zuwa Stanford: tarihin ajin da kujerunsa ke motsi

Ajin da akasarinmu muka gada siffarsa guda ce: allo a gaba, malami a tsaye, tebura haɗe da benci a jere. Domin sauraro aka gina shi. Amma ilimin zayyana, wato tsara siffar kujera, harafi ko gida kafin a ƙera su, kunne kaɗai ba ya ɗaukarsa. Shi ya sa makarantun zayyana suka daɗe da sake wa ɗakin karatu fasali.

A shekarar 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a birnin Weimar na ƙasar Jamus. Ya raba ta ɗaki-ɗaki bisa sana'a: saƙa, kafinta, ƙira, ginin tukwane. A farkon lamari kowane ɗaki malamai biyu gare shi, mai zane da gwanin aikin hannu. Bayan makarantar ta koma Dessau, an buɗe sabon gininta a 1926. Ginshiƙai daga ciki ke ɗauke da nauyin sashen sana'o'i, bangonsa kuwa gilashi ne, saboda haka fili ya wadata, haske ya shiga. Tsakanin zauren taro da ɗakin cin abinci akwai dandamalin wasa mai shinge da ake naɗewa, wuraren uku su zama ɗaya. Matsin ƴan Nazi ne ya rufe makarantar a 1933.

Makarantar zayyana ta Ulm, wadda aka kafa a 1953, ta gaji wannan tunani cikin ƙarancin kuɗi. A 1954 Max Bill da Hans Gugelot suka tsara wata ƴar kujera ta katako uku da sanda ɗaya. Ɗalibi na iya zama a kanta, ya mayar da ita ƙaramin tebur, ko ya juya ta ya zuba littattafai ya ɗauka zuwa wani ɗaki. An rufe makarantar a 1968, amma har yau ana ƙera kujerar.

Zuwan kwamfuta da farko ya mayar da hannun agogo baya. Na'urorin suna da nauyi, wayoyinsu sun ɗaure tebura da bango, ɗalibai suka koma sahu, kowa yana fuskantar allonsa. Sai da kwamfutar hannu da intanet marar waya suka yaɗu sannan ɗaki ya sake sakewa. Cibiyar zayyana ta jami'ar Stanford a Amurka, wadda ta soma aiki a 2005, ta sanya wa tebura da alluna ƙafafun taya, ɗalibai su tsara ɗakin gwargwadon aikin ranar.

Abin lura ga malamai da ƙungiyoyinmu shi ne, na'ura takan tsufa cikin ƴan shekaru, ɗaki kuwa yakan daɗe. Duk makarantar da ta sami kwamfutoci, kafin ta kafe tebura a siminti, ta fara tambayar kanta: ɗalibai biyar za su iya kewaye aiki guda a nan? Amsar tana hannun kafinta da mai haɗa wuta tun kafin a kunna na'urar farko.