Yadda Zanen Fuska da Fentin Mai Ya Kafu a Legas

Kafin a buɗe ajin koyon zane a Legas, kwaikwayo ne malami. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, bai samu gwanin da zai kama masa hannu ba. Makarantun mishan ba su damu da zane ba, Turawa da dama kuma na ganin baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito sak ba. Sai ya duƙufa kan hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turai, yana kwaikwaya har hannunsa ya faɗa. A 1906 ya zana uwargidan Spencer Savage, manyan Legas suka fara nemansa.

Amma hoton mujalla ba ya faɗin komai. Gwanayen da, irin su Rembrandt, hawa-hawa suke aiki. Su fara shimfiɗa launi mai duhu, su fitar da haske da inuwa, su jira ya bushe, sannan su riƙa ɗora fenti siriri da aka dama da mai har fatar fuska ta yi rai. Sai mutum ya tsaya gaban zanen na asali zai ga haka. Shi ya sa tun da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Faris a 1793 ake barin ɗalibai su kafa allonsu su kwaikwaya. Onabolu ya tafi Landan a 1920, ya zarce makarantar Julian a Faris, ya dawo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas, har da King's College.

Wasu samari masu zane a Zariya ne suka ja da wannan hanya ta kwaikwayon Turai. A 1958 su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna cewa bin sawun Turai ya isa, a waiwayi fasahar gida. Suna da hujja, sai dai a ganina ba su rushe tubalin Onabolu ba, a kansa suka yi gini. Grillo ya koma Legas ya daɗe yana jagorantar sashen zane na kwalejin Yaba, maƙwabciyar Mushin. Kwaikwayo kuwa bai gushe ba: masu zanen bakin titi a Mushin da Agege, yau hoton waya ake miƙa musu su mayar da shi zane na bango.