Yadda BBC Ta Kulle Fim Ɗinta Na Yaƙin Nukiliya Shekara 20

A 1955 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin William Strath ya miƙa rahotonsa a asirce. An tambaye shi me zai faru idan Tarayyar Sobiyet ta jefa wa ƙasar bama-baman haidurojin guda 10. Amsar ba daɗin ji: kimanin mutum miliyan 12 za su mutu, wasu miliyoyin su jikkata, harkokin mulki su tsaya cak. Aka kulle rahoton, bai fito fili ba sai a 2002.

Abin da aka faɗa wa talakawa daban ne. Tun 1949 akwai rundunar 'yan sa-kai ta kare fararen hula, sannan a 1963 gwamnati ta fitar da ɗan littafi na shawarwari ga magidanta: a shafa wa tagogi farin fenti, a jera buhunan yashi, a tanadi ruwa da abinci, a ware ɗaki guda na fakewa. Tamkar dai a ba mutum faifai a ce ya tare ambaliya.

Wannan tazara tsakanin abin da hukuma ta sani da abin da take faɗa ita Peter Watkins ya sa a gaba. A lokacin matashi ne da bai wuce shekara 30 ba, kuma tauraronsa na haskawa a BBC saboda fim ɗinsa Culloden na 1964. Aka ba shi dama, ya tafi lardin Kent a 1965, ya tara mutanen gari waɗanda ba 'yan wasa ba ne, ya shirya The War Game. Fim ne baƙi da fari, bai cika minti 50 ba, an ɗauke shi kamar rahoton labarai, kyamara na rawa a hannu.

Labarin ya faro daga rikicin Biyetnam, ya tsallaka Balin, ya ƙare da ruwan makamai a kan Ingila. Amma ba fashewar bam ce ta fi tada hankali ba. Abin da ya biyo baya ne. Ga 'yan sanda suna harbe waɗanda suka ƙone ƙurmus don likita ba shi da abin yi musu. Ga bokiti cike da zoben aure da aka zare daga gawarwaki ko za a gane masu su. Ga yunwa ta sa jama'a fasa rumbunan abinci, ana ɗaure wasu ana bindigewa. Kafin duk wannan kuwa, an nuna talaka yana lissafin kuɗin buhunan yashi da katako, aljihunsa bai kai ba. Watkins bai yi wa littafin gwamnati ashar ba. Aza shi kawai ya yi kusa da abin da bam ke yi, ya bar mai kallo ya auna.

Shugaban hukumar gudanarwar BBC a lokacin shi ne Lord Normanbrook, wanda ya riƙe muƙamin sakataren majalisar ministoci daga 1947 zuwa 1962, wato yana kan kujerar lokacin da rahoton Strath ya iso. Sai ya rubuta wa magajinsa a muƙamin sakataren, Burke Trend, cewa fim ɗin na iya sauya ra'ayin jama'a game da manufar riƙe makaman nukiliya, don haka ya kamata gwamnati ta gani tukuna. A Satumban 1965 aka haska wa manyan jami'ai shi a keɓe. A Nuwamba BBC ta sanar cewa fim ɗin ya yi muni da yawa, ba zai dace da talabijin ba, ta kuma dage cewa ba wanda ya matsa mata. Watkins ya ajiye aikinsa cikin fushi.

Hanin sai ya zama talla. An bari a nuna shi a silima a 1966, masu adawa da makaman nukiliya suka riƙa yawo da shi zauruka da jami'o'i. A 1967 ya ci lambar Oscar a rukunin finafinan gaskiya, abin mamaki ga fim ɗin da tsara shi aka yi daga farko har ƙarshe. Shekara guda bayan haka gwamnati ta rushe rundunar 'yan sa-kan nan.

BBC ba ta sassauta ba sai da ita kanta ta haska Threads a 1984, fim ɗin da ya nuna halakar birnin Shefil da launi, kuma ya fi na Watkins muni nesa ba kusa ba. Daga nan hujjar tsoratar da jama'a ta faɗi. Ni dai a ganina tun asali ba lafiyar zuciyar masu kallo aka kare ba, mutuncin manufar gwamnati aka kare. An sa The War Game a talabijin ranar 31 ga Yulin 1985, saura kwana shida a cika shekara 40 da jefa bam a Hiroshima.