Birnin New Haven da Al'adar Gwajin Wasan Kwaikwayo a Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafin wani shahararren wasan kwaikwayo na Amurka ya karanta, yana iya zaton yadda ya gan shi a takarda haka ya fito daga alƙalamin marubucinsa. Galibi abin ba haka yake ba. Yawancin wasannin da suka yi suna a Broadway, watau unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, a tsakiyar ƙarni na 20, sai da aka fara kai su wani gari dabam aka nuna wa jama'a, aka lura da inda suka yi dariya da inda suka yi hamma, aka rage, aka ƙara, sa'an nan aka shigo da su babban birni. Wannan shi ake nufi da wasan gwaji. Maƙalar nan za ta bi tarihin wannan al'ada a birnin New Haven na jihar Connecticut, domin a ga irin hannun da 'yan kallo suka sa a cikin ayyukan da ake jingina wa marubuta su kaɗai.

2.0 Asalin Al'adar

Kafin wajen 1870, kusan kowane babban gari na Amurka yana da ƙungiyar 'yan wasa tasa wadda take zaune a gida guda tana sauya wasanni. Da hanyoyin jirgin ƙasa suka yaɗu, sai ya zama ya fi riba a shirya wasa guda a New York, a loda 'yan wasa da tufafinsu da kayan ƙawata dandamali a jirgi, a yi ta zagaya garuruwa da shi. A 1896 wasu attajirai shida, cikinsu har da Marc Klaw da Abraham Erlanger da Charles Frohman, suka haɗa kai suka kame harkar rarraba wasanni ga gidaje. Waɗanda suka karya wannan babakere su ne 'yan uwa uku 'yan gidan Shubert, watau Sam da Lee da Jacob, waɗanda suka taso daga garin Syracuse. Sam ya rasu a 1905 sakamakon haɗarin jirgin ƙasa, saura biyun kuwa suka ci gaba da gina gidajen wasa, suna sa wa waɗansu sunansa.

Ɗaya daga cikin gidajen nan shi ne Shubert na New Haven, wanda aka buɗe a watan Disamba na 1914 a kan titin College, mai kujeru wajen 1,600. Tun da dai hanyar rangadi tana nan a shimfiɗe, ba wuya aka ga cewa ana iya bin ta kafin buɗe wasa a New York kamar yadda ake bin ta bayan an buɗe.

3.0 Dalilin Fifikon New Haven

Abubuwa uku ne suka ɗaukaka wannan gari a kan waɗansu. Na farko, nisansa daga New York bai wuce tafiyar sa'a biyu a jirgin ƙasa ba. Saboda haka mai ɗaukar nauyin wasa yana iya kiran gwanin gyara ya iso a yini guda, amma kuma manyan masu sharhi na jaridun New York, waɗanda hukuncinsu kan rayar da wasa ko ya kashe shi a dare ɗaya, bisa al'ada ba sa rubutu a kan wasa sai an buɗe shi a birninsu. Na biyu, Jami'ar Yale tana garin, don haka akan sami malamai da ɗalibai a zauren tare da 'yan kasuwa da ma'aikatan masana'antu. Na uku, otal ɗin Taft yana manne da gidan wasan. A ɗakunansa ne marubuta da masu tsara waƙa kan kwana suna gyara, da safe a miƙa wa 'yan wasa sabbin shafuka su haddace, da dare su hau dandamali da su. Fim ɗin All About Eve na 1950 ya nuna otal ɗin da gidan wasan a matsayin wurin da ake yanke makomar wasa.

Yadda aka saba shi ne a yi 'yan kwanaki a New Haven, sa'an nan a wuce Boston ko Philadelphia a yi mako biyu zuwa huɗu. A New Haven ake gano ciwo, a gari na gaba ake ƙarasa magani.

4.0 Waɗansu Misalai

Wasannin da suka fi cin moriyar gwaji su ne masu waƙe-waƙe da raye-raye, domin a cikinsu dole labari da kiɗa da rawa su tafi kafaɗa da kafaɗa, kuma ba a sanin ko sun dace sai an ji numfashin zaure cike da mutane. A watan Maris na 1943 aka buɗe wasan farko na haɗin gwiwar Richard Rodgers da Oscar Hammerstein a New Haven da sunan Away We Go! Waɗansu da suka zo daga New York suka koma suna cewa ba zai kai ko'ina ba. A Boston aka sāke tsarin wata waƙa ta kusa da ƙarshe, aka mai da ita ta taron 'yan wasa gaba ɗaya, aka kuma sa wa wasan sunanta. Da sabon suna Oklahoma! ya shiga New York ran 31 ga Maris, aka nuna shi sau 2,212.

Daga nan mutanen nan biyu suka riƙi New Haven. Can aka fara nuna Carousel a 1945, da South Pacific a 1949, da The King and I a 1951, da The Sound of Music a 1959. A daren farko na Carousel sai da aka wuce tsakar dare ba a tashi ba. Nan take masu wasan suka zauna, suka zubar da fitowa da dama da waƙoƙi da wani kaso na rawar.

A watan Fabrairu na 1956 kuma, ana sauran sa'o'i kaɗan a fara My Fair Lady, babban ɗan wasan, Rex Harrison, wanda bai saba waƙa tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ba, ya ce shi ba zai fito ba. Har an sallami 'yan wasa, ga kuma ƙanƙara tana zuba, amma jama'a suka hallara. Da ƙyar aka shawo kansa, aka tattaro sauran, aka yi wasan. Bayan an rage shi an kai shi Philadelphia, ya buɗe a New York ran 15 ga Maris, aka nuna shi sau 2,717.

Misalin da ya fi bayyana ikon 'yan kallo shi ne na A Funny Thing Happened on the Way to the Forum a 1962. Wasan barkwanci ne, amma a Washington, inda ya je bayan New Haven, jama'a suka ƙi dariya. Aka kira Jerome Robbins, ya ce aibin yana ga waƙar buɗewa, wadda take sa mutane su zaci labarin soyayya za su gani. Stephen Sondheim ya rubuta wata sabuwa mai shelar cewa raha ce za a yi. Sauran wasan bai sāke sosai ba, amma ya karɓu. Ba a bar wasannin da ba na waƙa a baya ba: A Streetcar Named Desire na Tennessee Williams, wanda ya fito da Marlon Brando, a New Haven aka fara nuna shi a 1947.

5.0 Dusashewar Al'adar

Daga shekarun 1960 al'amura suka sauya. Kuɗin ɗaukar kaya da ma'aikata daga gari zuwa gari ya yi tsanani, sai masu ɗaukar nauyi suka gwammace su yi nune-nunen share fage a New York ɗin kanta. Talabijin ya riƙe mutane a gida, masu hali kuma suka ƙaura daga tsakiyar birane zuwa bayan gari. Otal ɗin Taft ya rufe a 1973, gidan Shubert ya bi shi a 1976.

Sai dai bukatar gwaji ba ta mutu ba, wuri kawai ta sāke. A Chorus Line na 1975 ya girma ne ta doguwar bita a gidan Public Theater na Joseph Papp. Annie ya fara a 1976 a ƙaramin gidan Goodspeed da ke jihar ta Connecticut. A New Haven ma, gidan Long Wharf da aka kafa a 1965 da gidan wasan Jami'ar Yale na 1966 suka karɓi aikin. A na Yale ne Lloyd Richards ya shirya wasannin August Wilson, marubucin baƙar fata, irin su Ma Rainey's Black Bottom a 1984 da Fences a 1985, kafin su isa Broadway. Manyan wasanni kuwa suka koma birane masu nisa: The Lion King a Minneapolis a 1997, The Producers a Chicago a 2001, Wicked a San Francisco a 2003. Haɗarin yin gyara a idon New York ya bayyana a 1981, lokacin da Merrily We Roll Along na Sondheim ya sha tsegumi tun yana share fage, aka rufe shi bayan nuni 16 kacal. Shi gidan Shubert an gyara shi an sāke buɗe shi a 1983, amma tun daga nan wasannin rangadi da suka riga suka yi suna ne mafi yawan abin da yake karɓa.

6.0 Kammalawa

Abin da New Haven ta bai wa wasan kwaikwayo na Amurka shi ne wurin yin kuskure a gaban mutane na gaskiya waɗanda suka biya kuɗinsu, ba tare da kuskuren ya zama ajalin wasan ba. Yau, da kowane ɗan kallo ke iya watsa ra'ayinsa a intanet kafin ya bar kujerarsa, wannan rufin asiri ya yi wuyar samu ko da an tafi gari mai nisa. Ga mai nazarin adabi kuwa, tarihin nan gargaɗi ne: matanin da ke hannunsa shi ne abin da ya tsira bayan an tankaɗe shi a zaure. Nazarin da ya tsaya ga marubuci kaɗai, ya manta da waɗanda suka zauna a kujerun titin College, ya bar rabin labarin a baya.