Dokin Ƙarfe a Mararrabar Takieta: Keke da Tarihin Hanya a Ƙasar Damagaram

Wanda ya fito daga birnin Damagaram ya fuskanci yamma, bayan tafiyar kimanin kilomita 50 zai iske Takieta, inda hanya ta rabu biyu. Guda ta miƙe zuwa Tasawa da Maraɗi har Yamai, guda kuma ta karya kudu ta bi ta Kance da Matamai, ta ƙetare iyaka a Ɗan Barto ta nufi Daura da Kano. Matafiyin mota ba ya ganin komi a nan sai tasha da masu talla. Amma mahayin keke, wanda ƙafarsa ke auna kowace jigawa da kowane kwari, ya san cewa ƙasar nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma kowane ƙauyen da ya ratsa yana da abin faɗa. Tarihin keke a wannan yanki tarihi ne na yadda tafiya mai nisa ta fita daga hannun masu doki ta shiga hannun talaka.

Zamanin doki da jaki

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya kuma rasu a shekarar 1884, sauri na mai doki ne. Barade da manzannin sarki su ke kai umarni garuruwan kudu, su tattaro haraji su komo. Fatake kuwa suna tafe da jakuna da takarkarai da raƙuma, zango bayan zango, ɗauke da gishiri da kanwa da fatu, su dawo da tufafin Kano da goro. Abin da ke tsara tafiyar ayari shi ne rijiya: inda ruwa yake nan ake sauka, inda ake sauka nan kasuwa ke ci, inda kasuwa ta ci nan gari ke kafuwa. Talaka manomi, in ba fatauci ko yaƙi ya fitar da shi ba, iyakacin duniyarsa kasuwannin da ƙafa za ta kai shi ya komo kafin almuru.

Ta wannan hanyar yamma ce Turawan Faransa suka shigo. A tsakiyar watan Yulin 1899 sojojinsu suka kashe shugabanninsu biyu, Voulet da Chanoine, a wajejen Maijirgi, bayan ɓarnar da rundunar ta yi a ƙasar Hausa. Ragowar suka ci gaba gabas, a ƙarshen watan suka gwabza da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, tsakanin Takieta da birni. Bindiga mai jeren harsashi ta rinjayi doki da mashi, Damagaram ta faɗi. Daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedkwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai.

Zuwan keke

A daidai wannan zamani keke na samun siffarsa ta yau a Turai. A 1885 aka fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna da sarƙa a Ingila, a 1888 kuma Dunlop ya kawo tayar da ake busa wa iska. Hanyar da ya biyo zuwa Damagaram ta kudu ce, domin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka daina ratso Sahara a bayan raƙumi suka koma hawowa daga bakin teku. Shi ya sa, ko da yake Faransa ke mulki, keken Raleigh na Ingila ya yi suna a kasuwannin nan kafaɗa da kafaɗa da Peugeot. Hausa ta ba shi sunaye: basukur, laulawa, dokin ƙarfe. Ta kuma ara masa kayan doki, har yau abin zamansa sirdi ake ce masa.

Da farko keke na ma'aikata ne: tafinta, malamin makaranta, malamin asibiti, tsohon soja. Hanyoyin da suke bi kuwa da guminsu talakawa suka share su a ƙarƙashin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Gyaɗa ce ta sauya al'amari. Ƙasar Matamai da Magarya ta zama cibiyar nomanta, a 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin sayen ta. Manomin da ya auna gyaɗarsa da kaka, ko ɗan cirani da ya komo daga Kano, burinsa ya shigo gari bisa sabon keke, da ƙararrawa da madubi da ado a sirdi. Da shi ake kai hatsi kasuwa, a ɗauko mara lafiya, a kai sanarwar rasuwa ko goron suna ƙauyuka da dama a wuni guda. Tafiyar Takieta zuwa birni, wadda jaki ke yi a kwana biyu, ta koma ta rabin wuni. Aikin da a da sai manzon sarki ke iyawa, ya zama kowa na yin sa. Sana'o'i suka biyo baya: mai faci a gindin itace, mai hayar keke inda yara ke koyon hawa, da mai sayar da sarƙa da birki ranar kasuwa.

Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan arziki. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix suka cika kasuwa saboda araha, sannan babura suka biyo su, ƴan kabu-kabu suka mamaye mararraba. Keke ya sauka daga matsayin abin alfahari ya zama abin hawan ɗan makaranta da mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da mai keke ke gani

Duk da haka akwai abin da babur bai ƙwace masa ba. Masu iya magana sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma a saurin keke ne ƙasa ke bayyana kanta. Mai barin duwatsun Damagaram da sanyin safiya zai hau ya gangara tuddan Tirmini, ya fahimci dalilin da ya sa aka tari abokan gaba a wurin. Kusa da Takieta zai ratsa gandun dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa, wanda daga baya aka damƙa kula da shi ga manoma da makiyayan da ke kewaye. In ya karya kudu zuwa Kance, tsohon garin sarauta, zai shiga gonakin da gawo ya rufe. Ana ba da labari cewa Sarki Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo. Tun bayan farin 1984 manoman Matamai da Magarya da Mirya suka koma renon tsiron da ya fito da kansa a gona, har masana daga ƙasashen duniya ke zuwa ganin aikin. Mai keke na iya tsayawa a inuwarsa, ya gaida dattijan da ke zaune, ya tambayi wanda ya haƙa rijiyar gari da inda kakanninsu suka taso.

A nan ne maganar ta shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu. Tarihin sarakuna yana cikin littattafai, amma na ƙauyuka, da sunayen zanguna da kufai da rijiyoyi, yana bakin tsofaffi ne kawai, su kuwa kullum raguwa suke. A Faransa tseren keke da aka fara a 1903 ya sanar da jama'a lungunan ƙasarsu, Burkina Faso ma tana da nata tun 1987. Takieta, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ba sai ta jira irin wannan gagarumin biki ba. Ɗalibai da yawa sun riga sun mallaki keke. Ajin da ya fita da hunturu tare da malaminsa, da famfo da kayan faci da littafin rubutu, ya kwana ɗaya a Tirmini ko Kance, zai komo da sunaye da labaran da babu su a manhaja. In an rubuta su da Hausa da Faransanci aka ajiye a makaranta, na baya za su same su ko bayan masu faɗar sun kau.