Satchel Paige: Majefin da Aka Buɗe wa Ƙofa Bayan Ya Tsufa

Mu da muka tashi a ƙauyukan Ungogo mun san gadin gona idan gero ya fara nuna. Yara ne da hoge da majajjawa, suna korar jan-baki tun hantsi har la'asar, kuma a kowace ƙungiya akwai yaro guda da hannunsa ba ya kuskure. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. A Amurka kuwa jifa sana'a ce mai tsoka, a wasan da suke kira besbol. Mutum ɗaya ke tsayawa a kan ɗan tudu, ya jefa ƙwallo mai tauri daga nisan da ya ɗan haura mita 18, wani kuma yana jira da gora don ya doke ta. Idan mai gora ya kasa sau uku, an fitar da shi. Rabin wasan a hannun majefin yake.

Cikin majefan da aka yi, labarin Leroy Paige ne ya fi tsaya mana a rai. An haife shi ran 7 ga Yulin 1906 a garin Mobile na jihar Alabama, a gidan talakawa baƙar fata. Yana yaro yana dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa, kuma a faɗarsa daga nan ya samo laƙabin Satchel, wato jaka. A 1918 aka kama shi da 'yar sata a kanti, aka tura shi gidan horon yara na Mount Meigs, ya yi shekara biyar. A can aka koya masa juya jifan duwatsu ya zama jifan ƙwallo.

Da ya fito, babbar gasar ƙasar a rufe take ga duk baƙin mutum. Babu dokar da ta faɗi haka a rubuce, masu kulob-kulob ne suka haɗa baki. Sai baƙar fata suka kafa nasu gasannin, waɗanda ake kira Negro Leagues. Paige ya fara karɓar albashi a 1926 a Chattanooga, ya koma Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords, inda Josh Gibson ke cafke masa ƙwallo. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar ba ya so, amma ƙwallonsa sai dai a ji ƙararta a safar mai cafka. Abin da ya fi gudun ma shi ne saiti. Yakan ajiye takardar cingam a ƙasa ya yi ta wuce da ƙwallo ta kanta. Wani lokaci ya kira abokan wasansa na bayan fili ya ce su zauna, shi kaɗai ya isa. Kuri ne irin na ɗan damben da ke kirari kafin a sa zare, kuma yawanci yakan cika.

Albashin gasar bai taka kara ya karya ba, don haka ya zama ɗan ci-rani. Duk inda aka fi biya nan ya nufa, ko da yarjejeniya a kansa, abin da ya sa masu kulob suka riƙa jin haushinsa. Ya buga a Kyuba, ya buga a Bismarck cikin ƙungiyar da ta haɗa farare da baƙaƙe, a 1937 kuma ya je Jamhuriyar Dominika ya buga wa ƙungiyar shugaban kama-karya Trujillo. A 1938, a Mekziko, hannun ya ƙi. Ko ɗaga shi da ƙyar yake yi. Mai Kansas City Monarchs, J. L. Wilkinson, ya ɗauke shi a ƙaramar ƙungiyarsa mai yawon ƙauyuka, don sunan kawai na jawo 'yan kallo. Bayan kamar shekara guda hannun ya dawo, har ya taimaka wa Monarchs cin kofin gasar baƙar fata a 1942.

Nan ne wurin da ke da ɗaci. Da aka tashi buɗe ƙofa a 1947, ba shi aka zaɓa ba, sai Jackie Robinson, matashin da suka yi wasa tare a Monarchs a 1945. Paige bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba. Sai ran 7 ga Yulin 1948, ranar da ya cika shekara 42, Bill Veeck na Cleveland Indians ya ɗauke shi. Wasu 'yan jarida suka ce dabarar sayar da tikiti ce. Ya ci wasa 6, aka ci shi 1, Cleveland ta ɗauki kofin shekarar, shi ne kuma baƙin majefi na farko da ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar. A Satumban 1965, yana da shekara 59, Kansas City Athletics suka fito da shi. Ya yi turmi uku da Boston Red Sox ba su ci ko ɗaya ba. Duk da haka, a 1968 sai da Atlanta Braves suka saka sunansa cikin 'yan wasansu don ya cike kwanakin da suka rage masa na samun fansho.

Wanda ya buɗe kundin babbar gasar a wancan lokaci zai ga nasara 28 da faɗuwa 31, lissafin majefi mai matsakaicin hali. Shekara ashirin na ƙarfinsa ba sa ciki. Shi da kansa ya ce ya buga wasa kusan 2,500, amma ba mai iya tabbatarwa, don yawancinsu a filayen ƙauye aka yi, ba ɗan jarida, ba mai riƙe alƙalami. Wannan ciwo mun san shi a gida. Yau idan aka ce Shago, waƙar Ɗan Anace ce shaidarmu. Dambe nawa ya yi, wa ya kashe, a wace shekara, sai dai a tambayi tsofaffi, su ma kowa da nasa. Gwanayen da ba su sami makaɗi ba sun tafi da sunansu.

Paige ya fi su sa'a kaɗan. A 1971 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown, bayan jama'a sun yi ca a kan shirin ware wa baƙar fata sashe daban. Ya rasu ran 8 ga Yunin 1982 a Kansas City. A Disamban 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasannin baƙar fata bakwai, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne, a Mayun 2024 kuma aka haɗe alƙalumansu cikin kundi. Masu bincike sun shafe shekaru suna tonon tsofaffin jaridu, kuma wasan da aka samu cikakken lissafinsa ne kawai aka ƙirga. Sauran, na ƙauyuka da na ci-rani, har yanzu suna waje.